Dominika: Ruwan da Ya Raya Tsibirin Shi Ke Cin Sa

Mu da muka tashi a ƙasar da ake duban gabas ana addu'ar hadari, akwai abin da ganin kore yake yi mana wanda ba ya yi wa sauran mutane. A nuna wa Bahaushe hoton tsauni lulluɓe da itatuwa tun daga gindi har ƙoli, ruwa na kwararowa ta kowace kusurwa, ayaba ta yi nauyi tana neman karya uwarta, kafin ya tambayi sunan wurin ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa mutanen can sun huta. Ba laifinsa ba ne. A Kano ruwan da ke sauka a shekara guda bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu ko biyar yake zuwa ya wuce. A kan tsaunukan tsibirin Dominika, can a tekun Karebiyan, ruwan shekara yana haura milimita 7,000. Wanda ya san abin da fari ke yi wa gero, dole wannan adadi ya yi masa kama da arziki.

Wannan hukuncin nake so mu sake dubawa, domin maganar tsibiran Karebiyan ta daina zama labarin nesa a wurinmu. Akwai iyayen da ke tura 'ya'yansu karatun likitanci can. Akwai masu hannu da shuni waɗanda dillalai a Legas da Abuja da Dubai ke tallata wa fasfon waɗannan ƙananan ƙasashe. Akwai matasa da ke kallon bidiyon masu yawon duniya a waya suna ƙiyasta rayuwa a bakin teku. Ra'ayina shi ne, Dominika ta cancanci a je a gan ta, ta kuma cancanci a zauna a cikinta, amma duk wanda ya ɗauke ta wurin hutu ya zalunci mutanen da ke riƙe da ita. Korenta da wahalarta uwa ɗaya ta haife su.

Kada a haɗa ta da Jamhuriyar Dominikan, wadda ke raba tsibiri da Haiti kuma take magana da Sifaniyanci. Wannan ƙarama ce ƙwarai. Tsawonta kilomita 47, faɗinta wajen 26, tana zaune tsakanin Guadeloupe a arewa da Martinique a kudu, waɗanda dukansu har yau suna ƙarƙashin Faransa. Mutanenta kimanin 70,000 ne, babban birninta Roseau, kuma ta karɓi 'yancin kanta daga Ingila ranar 3 ga Nuwamba 1978. A ofis da makaranta Turanci ake yi, a kasuwa da ƙauye kuwa za ka ji Kiriyol, harshen da bayi da jikokinsu suka ƙera daga Faransanci da abin da suka taho da shi daga Afirka. Fili shimfiɗaɗɗe kusan babu shi. Aman wutar duwatsu ne ya turo ƙasar daga ƙarƙashin teku, kuma tsauninta mafi tsawo, Morne Diablotins, ya kai mita 1,447. Iskar da ke tasowa daga Atlantika ɗauke da danshi tana cin karo da waɗannan tsaunuka, ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke kayanta. 'Yan ƙasar suna alfahari da cewa koginsu 365 ne, kowace rana da nata. Ko ba ka ƙirga ba, da wuya ka yi tafiyar minti goma a mota ba ka haye gada ba.

Shigarta ma aiki ne. Mai tasowa daga Afirka ta Yamma sai ya bi ta Landan ya sauka Barbados ko Antigua ya canza ƙaramin jirgi, ko ya bi ta Miami, inda aka fara jigila kai tsaye a ƙarshen 2021. Filin jirgin Douglas-Charles yana arewa maso gabas, a matse tsakanin tsauni da teku, daga nan zuwa Roseau tafiyar fiye da awa guda ce a hanya mai murɗe-murɗe wadda ta ratsa tsakiyar kurmi. Wasu ta jirgin ruwa suke shigowa daga tsibiran Faransa. Farin rairayin bakin teku da ake gani a tallan otal-otal kaɗan ne a nan. Mafi yawan gaɓar baƙin yashi ne da duwatsu. Shi ya sa manyan kamfanonin otal suka daɗe suna wuce ta suna tafiya Barbados da Jamaika, shi ya sa kuma ta tsira da abin da waɗancan suka rasa.

Abin da ta tsira da shi kuwa ba ƙarami ba ne. Gandun Morne Trois Pitons, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1997, a cikinsa akwai tafkin da ke tafasa dare da rana saboda zafin da ke ƙarƙashinsa. Kafin ka kai gare shi daga ƙauyen Laudat sai ka yi wajen awa uku a ƙafa, hawa da gangara cikin taɓo, ka ratsa wani kwari da ƙasa ke fitar da tururi da warin kibiritu, sannan ka tsaya a gefen rami ka ga ruwan toka-toka yana zaɓaɓɓaka a ƙarƙashin gajimaren tururinsa. Akwai hanyar ƙafa mai suna Waitukubuli, tsawon kilomita 185, da aka kasa gida 14, wadda ta ratsa tsibirin daga kudu zuwa arewa. A cikin wannan kurmi ne kaɗai a duniya ake samun akun da ke jikin tutar ƙasar. Duk wanda Allah ya ba shi ƙafa da hali, ina ba shi shawara ya je. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma akwai nau'in tasbihi da ba ya zuwa wa mutum sai ya ga irin wannan halitta da idonsa.

Amma ya kamata matafiyi ya tambayi kansa dalilin da ya sa wannan kurmi yake nan, alhali a Barbados da Antigua an sare nasu tun ƙarni na 17 an shuka rake. Amsar ita ce Dominika ta gagari masu gonakin rake. Tsaunukanta sun hana a shimfiɗa manyan gonaki, ruwanta yana cinye hanya, kuma mutanenta na asali, Kalinago, sun yi amfani da wannan ƙasa mai wuyar shiga suka hana Turawa zama kusan shekara 200 bayan Columbus ya hango ta a 1493. Sai a 1763 Ingila ta mallake ta a hukumance, aka cika ta da bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, Roseau ta zama kasuwar sayar da mutane. Kurmin da ya kare Kalinago shi ya kare bayin da suka gudu. Sun kafa sansanoni a kan tsaunuka, suka yi noma, suka yi yaƙi da sojojin Ingila. Ɗaya daga shugabanninsu, Jacko, ya shafe wajen shekara 40 a daji kafin a kashe shi a 1814, kuma matakalar da mutanensa suka sassaƙa a jikin tsauni kusa da ƙauyen Belles tana nan ana hawa. Wanda ya shiga wannan daji yana ganin ba a taɓa taka shi ba, bai san a kan kaburburan wa yake tafiya ba.

Kalinago kuwa ba su ƙare ba. Kimanin 3,000 daga cikinsu suna zaune a gabashin tsibirin, a yankin eka 3,700 da aka keɓe musu a 1903. Baturen da ya shata wannan iyaka, Hesketh Bell, shi ne wanda daga baya aka turo ya zama gwamnan Arewacin Najeriya daga 1909 zuwa 1912. Hannu ɗaya ne ya riƙe alƙalamin da ya tsara musu rayuwa ya kuma tsara wa kakanninmu. Ƙasarsu ta gandu ce, ba mai takardar mallakar kansa, don haka ba a sayar da ita, ba a kuma jinginar da ita a banki. Wannan ya hana a ƙwace ta, ya kuma hana su samun rance, kuma har yau suna cikin mafi talaucin mutanen ƙasar. A 2023 wata 'yar Kalinago, Sylvanie Burton, ta zama shugabar ƙasa, mace ta farko a wannan kujera.

Mafi yawan baƙin da ke taka Dominika ba sa kwana. Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ne ke tsayawa a Roseau da safe, wani jirgin tsayinsa ya fi kowane gini a birnin, su sauke dubban mutane, a kwashe su a motoci zuwa magangarar ruwa ta Trafalgar, su ɗauki hoto, su sayi kwando ko hula, kafin magariba sun koma sun ci abincin dare a cikin jirgi. Ban raina kuɗin da direba da mai sayar da kwando ke samu ba, da shi suke biyan kuɗin makaranta. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin da ya yi awa shida a wuri, a lokacin rani, rana na haskawa, zai koma gida ya ce ya ga aljannar duniya, kuma da wannan shaidar tasa ake gina tallan da ke isowa wayoyinmu.

Zama daban ne. Akwai daɗinsa, kuma daɗi ne na gaske. Ƙasa ce da in ka soka reshe ya kama. Bayan kusan kowane gida a ƙauye akwai gwaza da doya da rogo da ayaba da lemo da gwanda, kuma ranar Asabar da asuba kasuwar Roseau tana cika da kayan gona da kifin da aka fito da shi daga teku a daren. Miyar da suke ji da ita, kalalu, da ganyen gwaza ake yin ta da madarar kwakwa, sau da yawa da ƙaguwa a ciki. A 2013 aka ayyana ta abincin ƙasa, bayan wata cuta da ta ɓulla a 2002 ta kusa ƙarar da ƙaton kwaɗon da a da yake riƙe da wannan matsayi. Ruwan sha daga tsauni yake saukowa. Mutane suna gaisawa. Shiga motar haya ba ka yi wa na ciki barka da asuba ba rashin tarbiyya ne a wurinsu. A ƙasar da ba ta kai yawan mutanen ƙaramar hukuma ɗaya ta cikin Kano ba, kowa ya san gidan su kowa, da alherin hakan da takurarsa.

Sai dai duk abin da ba ya tsirowa a bayan gida, jirgin ruwa ne ke kawo shi: shinkafa, fulawa, kaji, man fetur, siminti, magani, kayan gyaran mota. Kuɗinsu, dalar Gabashin Karebiyan, an ɗaure ta da dalar Amurka a kan 2.70 tun 1976, don haka mai riƙe da naira ko sefa zai ji nauyin kowane cefane. Wutar lantarki tana da tsada domin mafi yawanta da gas ɗin da aka shigo da shi ake samar da ita, ko da yake akwai wadda ake samu daga koguna, ga kuma tashar da gwamnati ta sa gaba a Laudat don jan wuta daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Danshi ba ya barin komai. Takalmi da littafi da tufafin da aka ajiye a akwati duk sai su yi fumfuna, ƙarfe ya yi tsatsa, bango ya yi gansakuka. Ciwon da ya fi ƙarfin babban asibitin Roseau sai an ɗauki mai shi a jirgi zuwa Martinique ko Barbados. Aikin albashi kaɗan ne, shi ya sa samari ke fita. Yawan mutanen ƙasar a ƙidayar 2011 kusan daidai yake da na 1970. Ba haihuwa ce ta tsaya ba, ƙaura ce ke kwashe su. Patricia Scotland, wadda ta shugabanci sakatariyar ƙungiyar Commonwealth daga 2016 zuwa 2025, tana ƙarama iyayenta suka tafi da ita Ingila. Thea LaFond, wadda ta ciyo wa ƙasar lambar zinariya ta farko a gasar Olamfik ta Paris a 2024, a Amurka ta girma.

Duk waɗannan ana iya jure su. Abin da ke raba mazauni da baƙo shi ne watannin Yuni zuwa Nuwamba, kuma a nan labarinsu ya haɗu da namu ta hanyar da mutane kaɗan suka sani. Hadarin da ke taso mana daga gabas da damina, wanda ke zuwa bayan kowane kwana uku zuwa biyar da iska da tsawa, wanda muke fitowa muna yi wa Allah godiya a kansa, ba a kanmu yake ƙarewa ba. Yana ci gaba da tafiya yamma, ya ratsa Nijar da Mali da Senegal, ya faɗa tekun Atlantika. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi, sai ya fara juyawa yana tara ƙarfi. Masana yanayi sun tabbatar cewa mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa Karebiyan daga irin wannan hadari na Afirka suke samo asali. Gajimaren da ya shayar da gonar wani a Katsina yana iya zama wanda, bayan mako guda ko biyu, zai ɗauke rufin wani a Roseau.

A ƙarshen Agustan 1979, ƙasar ba ta cika shekara guda da samun 'yanci ba, guguwar David ta bar kusan kashi uku bisa huɗu na mutanenta ba muhalli. Ranar 27 ga Agusta 2015 Erika ta zo. Ita ko iskar kirki ba ta da ita, ruwa kawai ta zubar cikin 'yan awoyi. Kogunan nan da ake alfahari da su suka cika suka taho da duwatsu da itatuwa, tsaunuka suka zaftaro, gadoji suka karye, kimanin mutum 30 suka mutu, ƙauyen Petite Savanne ya tashi gaba ɗaya aka kwashe mutanensa. An ƙiyasta asarar da kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

Ba su gama gyara ba, daren Litinin 18 ga Satumba 2017, Maria ta sauka. Kwana shida kafin nan ta bar gaɓar Afirka tana hadari kamar kowane hadari. Cikin ƙasa da awa 24 ta tashi daga mataki na ɗaya zuwa na biyar, mafi ƙarfi da ake da shi, don haka mutane da yawa sun yi shirin ƙaramar guguwa babba ta same su. Iskar ta haura kilomita 250 a awa. Firaminista Roosevelt Skerrit da kansa ya rubuta a Facebook a daren cewa rufin gidansa ya tafi. Da gari ya waye, wajen kashi 90 cikin 100 na gine-ginen ƙasar sun lalace ko sun rasa rufi, babu wuta, babu waya, babu hanya, mutum fiye da 60 sun mutu ko sun ɓace. Kurmin nan da ake zuwa gani daga ko'ina ya koma itatuwa tsirara, ba ganye ko ɗaya, tsibirin gaba ɗaya ya zama ruwan ƙasa. Asarar ta kai kusan dala biliyan 1.3, wato kashi 226 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Wasu ƙauyuka sun kusa shekara guda ba su ga lantarki ba.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi. Ma'anarsa, da dukan mutanen ƙasar za su yi aikin shekara biyu cur ba su ci ba su sha ba, da ba su mayar da abin da dare ɗaya ya ɗauke ba. Kuma wannan ƙasa ce da hayaƙin da take fitarwa cikin sararin samaniya bai kai a ambata ba, a daidai lokacin da ɗumamar teku ke ƙara wa irin waɗannan guguwowi ƙarfi da ruwa. Kwana biyar bayan Maria, Skerrit ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗi haka, sannan gwamnatinsa ta ɗauki alkawarin mayar da Dominika ƙasa ta farko da za ta iya jure sauyin yanayi. Kurmin ya sake tofo cikin watanni, domin ruwan da ya kashe shi shi ne ya tashe shi. Gidaje kuwa mutane ne suka tashe su, da yawa ta hanyar aikin gayya da suke kira kudmen, maƙwabta su taru su rufa wa wannan yau, gobe su koma na wancan. Tun daga lokacin magini a Dominika ya san rufi mai gangara huɗu ya fi mai biyu jure iska, ya san a gajarta bakin kwano, ya san ƙusa mai murɗi ta fi ta bugawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da me ƙaramar ƙasa irin wannan za ta biya kuɗin sake gina kanta kowace 'yan shekaru? A da ayaba ce. Tun daga shekarun 1950 dubban ƙananan manoma ke sare ta kowane mako ana lodawa zuwa Ingila, inda aka ba ta gata a kasuwa. A 1997 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke hukunci cewa wannan gata ya saɓa ƙa'ida, bayan ƙarar da Amurka da wasu ƙasashen Latin Amurka suka shigar. Manomin da ke noma a gefen tsauni da adda ba zai iya gasa da gonakin Ekwado masu dubban eka ba. Sana'ar ta durƙushe, cutar ganye da guguwa suka ƙarasa abin da ya rage. Sai makarantar likitanci ta Ross, wadda ɗalibanta 'yan Amurka suka riƙe garin Portsmouth kusan shekara 40 da kuɗin haya da cefane da motar haya. Bayan Maria ta tattara ta koma Barbados, ta bar masu gidajen haya da bashin banki da ɗakuna ba kowa.

Abin da ya rage mata ta sayar shi ne sunanta. Tun 1993 Dominika ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ga wanda ya biya. An daɗe farashin yana dala 100,000, a 2024 aka ɗaga shi zuwa 200,000. Tsawon shekaru tsarin bai buƙaci mai saye ya zauna a ƙasar ba, bai ma buƙaci ya taɓa taka ta ba. A wasu shekarun kuɗin fasfo ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na tattalin arzikin ƙasar. Wani rahoton Tarayyar Turai a 2023 ya ce an ba da fasfo kimanin 34,500 ta wannan hanya, a ƙasar da mazaunanta 70,000 ne.

Ba zan tsaya a nesa in zagi mutanen Dominika a kan wannan ba. Da wannan kuɗi aka gina wa mutanen Petite Savanne sabon gari a Bellevue Chopin, da shi aka gina gidajen siminti da asibitocin karkara, da shi ake gina babban filin jirgin sama a Wesley. Ƙasashen da suka rufe mata kasuwar ayaba, suka kuma cika sama da hayaƙi, ba su da bakin yi mata wa'azi. Ba zan kuma zagi ɗan kasuwar Najeriya da ya gaji da wulaƙancin layin biza ba. Na san abin da ke kai mutum ga neman fasfo na biyu. Amma akwai abin da ke damuna a wannan ciniki, kuma ba zan ɓoye shi ba. A watan Yulin 2023 Ingila ta soke wa masu fasfon Dominika shiga ba biza, ta ce ana cin zarafin tsarin sayar da takardar. Wa wannan hukunci ya fi duka? Attajirin da ya sayi fasfo yana da wani a aljihu, yana kuma da kuɗin sayen na uku. Wadda abin ya faɗa wa ita ce tsohuwar da aka haifa a ƙauyen Marigot, wadda 'ya'yanta da jikokinta ke Landan tun zamanin da Ingila ke kiran mutanen Karebiyan su zo su yi mata aiki, yanzu sai ta cika takardu ta biya kuɗi ta jira kafin ta je suna ko jana'iza. Ita ta kwana a ƙarƙashin tebur daren Maria, ita ta kwashe taɓo daga ɗakinta, ita kuma ta biya farashin sunan da aka sayar wa wanda bai san inda Marigot take ba.

Zama ɗan ƙasa a wurina ɗaukar kaya ne tare da mutane. Ina ganin ya dace duk ƙasar da ke sayar da fasfo ta wajabta wa mai saye zama na gaske, na watanni, a kuma bayyana wa 'yan ƙasa kowace shekara nawa aka karɓa da inda aka kai shi, domin 'yan adawa da 'yan jarida a Dominika sun daɗe suna tambayar lissafin wannan kuɗi, kuma tambaya ce da ta dace. Ga namu masu saye kuwa, wanda ya iya fitar da dala 200,000 zai iya sayen tikiti. Ya je ya ga ƙasar da ya ce tasa ce. Ya san sunan ƙauyukanta. Ya sa wani abu a cikinta wanda iska za ta iya ɗauka, gona ko shago ko kwale-kwale, domin ranar da aka ce guguwa ta nufo ta, gabansa ya faɗi kamar na sauran masu riƙe da irin takardarsa.

Waɗanda na fi tunawa da su a wannan magana su ne ɗalibanmu. Jami'ar All Saints da ke Roseau ta daɗe tana karɓar 'yan Najeriya masu karatun likitanci, kuma akwai waɗanda Maria ta rutsa da su a can. Su mazauna ne, ko da na 'yan shekaru. Uban da zai tura ɗansa ko 'yarsa, bayan ya tabbatar hukumar likitoci ta gida ta amince da takardar makarantar, ya tambayi irin ginin da yaron zai kwana a ciki, rufin siminti ne ko kwano, yana kusa da kogi ko gindin tsauni, ina ne mafakar unguwar. Ya sani Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar da mafi yawan mutanenta 'yan Katolika ne, don haka maganar yanka da jam'in salla sai yaron ya nema da kansa, ko da yake kifi da kayan gona sun wadata. Ya kuma gaya masa ya gaida maƙwabta tun ranar farko, ya koyi ko da gaisuwar Kiriyol ce, ya fita aikin gayya in an kira, domin daren da waya ta ɗauke, ba ofishin jakadanci ne zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Mai yawon buɗe ido ma yana da nasa nauyin, kuma mai sauƙi ne. Ya kwana a tsibirin maimakon a jirgi, a ƙaramin masauki na ɗan gari. Ya ɗauki ɗan jagora daga Laudat in zai je tafkin, ya biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Ya sayi gurasar rogo da kwando a hannun Kalinago a yankinsu, inda kuɗin zai tsaya.

Filin jirgin Wesley shi ne abin da zai sauya komai. Ranar da manyan jirage suka fara sauka kai tsaye daga Turai da Amurka, wahalar shiga da ta kare Dominika shekaru ɗaruruwa za ta kau. An kuma fara gina motar igiya mai tsawon fiye da kilomita 6 wadda za ta kai mutum kusa da tafkin nan mai tafasa cikin mintuna, ba taɓo ba gumi. Na fahimci dalili. Matashin da ke Portsmouth yana buƙatar aikin da zai hana shi tafiya, kuma ba ni da hurumin ce masa ya zauna cikin talauci don kurmi ya burge baƙi. Tsorona shi ne ƙasar bakin teku da gefen koguna ta koma hannun masu otal da masu fasfon saye, 'yan gari su koma masu share ɗaki a gonakin iyayensu, kamar yadda ya faru a wasu tsibiran maƙwabta. Dokar mallakar ƙasa da dokar gini da majalisar Roseau za ta tsaya a kansu cikin 'yan shekarun nan su ne za su yanke wannan, kuma mutanen da suka rufa wa juna gidaje a 2017 su ya kamata a fara tambaya kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya.